Yadda Ake Tantance Fim Ɗin Katun Kafin A Kunna Wa Yara

Akwai wani sakaci da yawancinmu iyaye muke yi, ni ma na daɗe ina yinsa, wato da zarar mun ga abu zane ne mai motsi, dabbobi suna magana, kala-kala ta cika allo, shikenan sai mu ce ai katun ne na yara ne, a miƙa musu waya ko a kunna musu tibi a shige kicin. Ni abin da ya farkar da ni wani dogon hutu ne da yaran suka ishe ni da ƙiriniya, na ba wa yaron maƙota memori na ce ya kai wajen masu turi a cika min shi da katun ko na samu na sarara. Aka kawo, na jona a tibi na tafi ɗora sanwa. Allah ya taimake ni na manta wayata a falo na dawo ɗauka, sai na tarar kayan abincin kanti ne suke magana a allon, su burodi su tsiran nama, amma irin kallon da suke wa juna da irin rangwaɗar da suke yi hankalina bai kwanta da ita ba, na kashe, yara suka hau kuka. Da daddare na bincika sunan, ashe Sausage Party ne na 2016, wanda ko a Amurka inda aka yi shi alamar manya aka ba shi, batsa ce da ashar tun daga farko har ƙarshe. Kuma wallahi na san mai turin nan ba da mugunta ya yi ba, shi ma zane ya gani ya jefa a cikin na yara.

Tun daga ranar na fitar wa kaina tsari. Zan riƙa cewa ke saboda mu mata mu muka fi wuni da su, amma Abban yara har da kai nake, kar ka zame. Kuma zan ɗauki fim ɗaya in bi shi daki-daki don a ga yadda abin yake a aikace, The Lion King, saboda kusan babu gidan da ba a taɓa kunna shi ba kuma kowa rantsuwa yake na yara ne.

Abu na farko, ki san ainihin sunan fim ɗin da shekarar da ya fito. Kamar wasa ne amma a nan ake fara tafka kuskure, don fayil ɗin da ke cikin memori sau da yawa an canza masa suna, wani ma lamba ce kawai. Ki kunna shi ke kaɗai ki jira sunan ya fito a farko ko a ƙarshe. Misalin namu, akwai na 1994 wanda zane ne na hannu, minti 88, akwai kuma na 2019 da aka sake yi da kwamfuta dabbobin suka fito tamkar na gaske, shi kuma minti 118 ne, kusan awa biyu. Labari ɗaya ne amma ba ɗaya ba ne a idon yaro, kurar da aka zana da manyan idanu tana wauta daban take da kurar da ta fito da gashi da haƙora kamar wadda ake gani a gidan zu. Sannan akwai wani na Mufasa, wato uban ɗan zakin labarin, da ya fito a 2024. To in kika ce wa yayarki ai mun kalla ba komai a ciki, wanne kuka kalla?

Na biyu, ki duba alamar shekaru. Yawancin waɗannan fina-finai daga Amurka suke, kuma can suna da haruffan da suke sakawa tun 1968. G na nufin kowa zai iya kallo. PG na nufin iyaye su sa ido, akwai abin da ƙila bai dace da ƙananan yara ba. PG-13, wanda aka ƙaro a 1984, gargaɗi ne mai ƙarfi ga 'yan ƙasa da shekara 13. R kuwa ɗan ƙasa da 17 ba ya shiga sinima sai da babba, shi ne wanda aka saka wa wancan na kayan abincin. A Ingila suna da U, wanda suka ce ya kamata ya dace da ɗan shekara 4 zuwa sama, sai PG, 12, 15 da 18. Mu ma a Najeriya hukumar tace fina-finai ta ƙasa tana da nata alamomin masu kama da waɗannan, amma ki tuna abin da aka sauke daga intanet aka tura miki a waya babu hukumar da ya bi ta hannunta. Ki rubuta sunan fim ɗin da shekararsa a Google, alamar tana fitowa a sama-sama ba sai kin sha wahala ba.

Na 1994 ɗin G ne, na 2019 PG. Duk abin da ya wuce PG ni ba na ma ɓata lokacina a kai in dai na ƙanana ne, gogewa nake. Amma fa G ɗin ba fatawa ba ce. Mutanen da suke zama su ba da alamar nan iyaye ne 'yan Amurka, da ma'aunin gidajensu suke aunawa, suna duba zagi da jini da tsiraici, ba ruwansu da ko an nuna ana roƙon wani abin da ba Allah ba, ba ruwansu da yarinya ta murguɗa wa uwarta baki ta buga ƙofa. Alamar tana taimaka miki ki jefar da wanda ya fito fili, ba ta isa ta ce miki wanda ya rage ya yi ba.

Na uku, ki karanta abin da wasu suka riga suka gani. A IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai, kusan kowane sanannen fim yana da sashen jagorar iyaye, an kasa shi gida biyar, tsiraici da sha'ani na maza da mata, faɗa da jini, zagi, giya da sigari da ƙwaya, sai wuraren ban tsoro, kuma suna faɗar abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma shafin Common Sense Media da suke faɗar shekarun da suke ganin ya dace, har da ra'ayin iyaye da na yara daban-daban. Da Turanci suke, in Turancin yana ba ki wahala ki sa wayar ta fassara miki ko ki ba wa ƙaninki ya karanto. Kar ki ce ba kya son a ɓata miki labari, ke ba nishaɗi kika zo yi ba, aiki kike, ki karanta har yadda ya ƙare. Ita kuwa tirela, wato ɗan guntun bidiyon da ake fitarwa kafin fim, kar ki dogara da ita ko kaɗan, talla ce, wuraren dariya da waƙa suke tsincewa su haɗa. A wannan matakin ne za ki kama irin abin da ya faru da Lightyear na 2022, PG ne kawai amma akwai wurin da mata biyu suka sumbaci juna na 'yan sakanni, har ƙasashe irin su Hadaddiyar Daular Larabawa da Saudiyya suka hana nuna shi a sinima. Abu ne da in kin juya ɗaukar kofi zai wuce ba ki gani ba, yaran kuma sun gani.

Na huɗu shi ne mai wuyar kuma shi ne ainihin aikin, ki kalla da kanki kafin su. Na san za a ce ina lokacin yake, ga girki ga wanki ga aiki, amma dare ɗaya ne bayan sun yi barci, kuma fim ɗin da yara suka so sai sun maimaita shi sau ashirin, to awa ɗaya da rabi ba asara ba ce. In kin matsu ki ƙara masa sauri ko ki riƙa tsallakawa minti biyar-biyar, sai dai ki kalli minti goma na farko da minti ashirin na ƙarshe cikakku, don a nan ma masu yin katun sukan ajiye abubuwa masu nauyi. Finding Nemo na 2003, wanda shi ma G ne, ba a yi minti biyar da farawa ba wani mugun kifi ya hallaka uwar da ƙwayayenta duka sai guda ɗaya. Bambi tun na 1942 maharbi ne ya harbe uwar. Kashe uwa ko uba a katun tsohuwar al'adarsu ce. Ki ajiye takarda da biro kusa, duk inda kika ji gabanki ya ɗan faɗi ki tsayar ki rubuta mintin.

Ga abin da na rubuta a nawa na The Lion King. Wurin farko, inda ɗan zakin Simba da ƙawarsa Nala suka je maƙabartar giwaye, duhu da ƙasusuwa da hayaƙi, kuraye uku suka biyo su. Wannan da sauƙi don kurayen wawaye ne, irin kurar tatsuniya mai kwaɗayi, yaranmu ma dariya suke musu. Wuri na biyu shi ne matsalar, bayan kusan rabin awa da farawa. Scar, ƙanin sarki Mufasa uban Simba, ya shirya makirci aka koro garken wasu dabbobi masu kama da ɓauna cikin kwazazzabo inda ya ajiye yaron, uban ya zo ya ceci ɗansa, ya yi ta fafutukar hawa dutse, ya roƙi ɗan'uwansa ya taimake shi, shi kuma ya cake masa farata ya sake shi ya faɗa ƙasa. Ba a nuna jini ba ko ɗigo. Amma abin da ya biyo baya ya fi jini, ƙura ta lafa, yaron ya zo yana kiran babansa yana ture shi yana jan kunnensa ya tashi su tafi gida, ya yi ihun neman taimako babu kowa, ƙarshe ya shige ƙarƙashin hannun gawar ya kwanta. Sai baffan nan nasa ya fito ya sa masa a rai cewa shi ne sanadi, ya ce ya gudu kar ya dawo. Ni da girmana a tsakar dare sai da na share hawaye. Yanzu ki ɗauki wannan ki ɗora a kan ɗan shekara huɗu wanda babansa yake tafiye-tafiye, ko wanda aka taɓa ce masa kai ne za ka kashe ni da ɓacin rai.

Wani zai ce ai tatsuniyoyinmu ma cike suke da dodo da kishiyar uwa da yarinyar da aka jefa rijiya, kuma ga mu mun girma lafiya. Gaskiya ne, amma ki tuna yadda ake ba mu su, muna jingine da kaka, tana kallon fuskarmu a hasken fitila, in ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa sai ta sassauta muryar dodon ko ta jefa waƙa ko ta gajarta wurin. Tibi ba ya ganin fuskar yaro, yadda aka tsara wurin da kiɗansa mai tsinka zuciya haka zai zubo shi ko yaron yana rawar jiki. Aikin da kaka take yi shi ne ya dawo kanki, kuma ba za ki iya ba in ba ki san inda dodon zai fito ba.

Wuri na uku da na rubuta na aƙida ne. Uban ya gaya wa ɗansa cewa sarakunan da suka shuɗe suna kallonsu daga taurari, daga baya kuma shi kansa bayan ya mutu ya bayyana a cikin gajimare yana masa magana, ga kuma birin nan Rafiki da sandarsa da ƙoƙunansa yana abubuwa irin na boka. Ga babban yaro wannan magana ce ta minti biyu, ki ce masa labari ne aka ƙirƙira, mamaci ba ya dawowa ya yi magana a gajimare, addu'a ake masa. Ga ƙarami kuwa wanda bai gama raba gaske da zane ba, zai iya fita tsakar gida yana neman kakansa a sama. Wasu fina-finan abin ya fi haka zurfi don a kansa aka gina labarin gaba ɗaya, Hercules na 1997 allolin Girkawa ne, Coco na 2017 bikin matattu ne na ƙasar Meziko yaro ya shiga duniyarsu yana yawo da ƙwarangwal. Kowane gida, na Musulmi ko na Kirista, shi ya san inda zai ja layinsa, abin da ba na so shi ne a ce ba a ma san akwai abin ba.

Sauran ƙanana ne. Akwai waƙar soyayya da Simba da Nala suka yi bayan sun girma, birgima a ciyawa da lasar kumatu da wani kallo, ni nakan wuce ta. Akwai gadun nan Pumbaa da barkwancin tusa, wannan kam ki shirya jin sa a gidanki har sati biyu. Sai faɗan ƙarshe cikin wuta inda kurayen suka far wa Scar, a inuwa aka nuna amma yaro mai wayo ya san cinye shi suka yi.

Na biyar, ki ajiye takardar ki kalli yaronki, shi ɗin nan, ba yara gaba ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, ƙasa da haka ma ya fi. Kin ga kenan minti 88 ya riga ya zarce wa ɗan shekara uku ko da babu komai a ciki, sai dai a raba masa kwana biyu. Kuma tsoron ƙanana daban yake da na manya, ɗan shekara uku zuwa shida abin da ido ya gani ne yake firgita shi, mummunar fuska, duhu, ƙara mai ƙarfi, abu ya rikiɗe ya zama wani abu, ko da abin mai kirki ne a labarin. Ɗan takwas zuwa sama kuma abin da zai iya faruwa da gaske ne yake hana shi barci, mutuwar iyaye, gobara, sace yaro. Ki tambayi kanki ko an yi rasuwa a gidan kwanan nan, ko yana tsoron duhu, ko mai kwaikwayo ne da in ya ga an yi tsalle daga dutse zai gwada daga kan katifa zuwa kan ƙaninsa. Manyan 'ya'yana biyu tsiransu shekara ɗaya da rabi ne amma ta farkon ko a jikinta, na biyun kuwa kyankyaso ma in ya gani sai an raka shi.

Maganar harshe ma tana nan. In Turanci ne kuma yaron bai fara ji sosai ba, hoton kawai yake bi, wato zai ga faɗuwar uban amma ba zai ji maganganun da suke kwantar da hankali daga baya ba, sai ke kin fassara. Masu kallon tashoshin Larabawa a dish irin su MBC3 da Spacetoon sukan samu an riga an yanke wasu wuraren, amma ba duka ba. Fassarar Hausa kuma da ake turawa a waya tana da daɗi yara suna fahimta, sai dai wasu masu fassarar suna cusa nasu barkwancin na zaman majalisa wanda babu shi a asalin fim ɗin, habaici da zancen mata da baƙar magana, don haka ko kin san fim ɗin da Turanci, fassarar sabon abu ce sai kin saurare ta daban.

Na shida, ke fa, ya dace da ke? Ba wasa nake ba. In fim ɗin irin mai ihu da walƙiya ne wanda minti goma kanki ya fara sarawa, ba za ki zauna ba, za ki tashi ki bar su, kuma duk shirin da kika yi ya tashi a banza. The Lion King a nan ya ci jarrabawa, labari ne na sarauta da cin amanar ɗan'uwa da gudun hijira da dawowa karɓar gadon gida, abin da duk wanda ya tashi a ƙasar sarakuna zai gane ba sai an masa bayani ba, Abban su da ya ce shi ba ya kallon zane sai ga shi ya ajiye waya. Sunayen ma daga Swahili aka ɗauko wasu, Simba zaki, Rafiki aboki, abin hira ne da manyan yaran. Ki kuma lura da barkwancin da aka saka don manya, wanda yaro ba zai gane ba amma zai haddace ya je ya faɗa a gaban baƙi ko a Islamiyya.

Na bakwai, ranar kallon. Ki sa da rana ko da yamma, ba dab da barci ba, kar a kashe fitila wai a yi sinima. Rimot a hannunki, takardarki a gefe. Ki sauke fim ɗin ki kashe data, kar ki bar su a YouTube inda wani bidiyon yake bin wani da kansa, don akwai masu ɗaukar 'yan katun ɗin da yara suka sani su haɗa ƙazanta da su, an yi ta surutu a kan haka a 2017 har a manhajar YouTube ta yara ma wasu sun kutsa. Kafin wuri mai nauyi ya zo ki tsayar ki faɗa musu, yanzu wani abin tausayi zai faru da baban Simba, wanda ba ya so ya gani ya zo ya zauna a cinyata ko mu wuce wurin.  In kuma ya tambaya ko baban ya mutu ne, kar ki ce barci yake, za ki sa ya fara tsoron barcin nasa baban, ki ce eh ya mutu, kuma ba laifin Simba ba ne, baffansa ƙarya ya yi masa. Wannan jimlar ta ƙarshe ki maimaita ta ko sau uku ne.

Bayan an gama kar ki yi musu wa'azi, tambaya za ki yi, wa ya fi burge ka, ina ne ba ka so ba, kai da kai ne Simba wa za ka je ka gaya wa. Amsar da za su bayar ita za ta nuna miki abin da ya zauna musu. Sai ki sa ido kwana biyu zuwa uku, barcinsu, wasansu, ko wani ya dawo fitsarin kwance ko ya ƙi yarda a rufe ƙofa. In kin ga haka ki ɗauke fim ɗin ki ajiye sai baɗi, ba gogewa ba, ajiyewa.

A gidana yadda ta kaya, babbar mai shekara bakwai ta kalli na 1994 duka ban da waƙar soyayyar, ta yi kuka a wurin da na san za ta yi, ta kuma yi tambayoyi har na gaji. Na biyun na tsallake masa daga inda garken ya fara gudu har zuwa inda gadun da abokinsa suka tsinci Simba a hamada, na ce masa baban ya rasu baffan ya kore shi, ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin gyaɗarsa. Autar mai shekara biyu da rabi na kai ta ɗakin kakarta da kayan wasanta. Na 2019 ɗin yana nan a wani fayil da na sa wa fasuwod, ban buɗe musu ba tukuna.